Kwalliyar minti biyar: garin gyaran gira kada mu rasa ido

 

A filinmu na mata na makon jiya, wata malamar lakwal ta bugo waya. Ta ce tun da ta koma aiki bayan hutun haihuwa na sati 14, ba ta tuna ranar da ta tsaya gaban madubi ta dubi fuskarta da kyau ba. Kwallinta cikin jaka yake, sai ta sauka kan kabu-kabu bakin lakwal take zizarawa a tsaye. Ba ta gama rufe baki ba wani magidanci ya shigo layi, ya ce shi abin da ke ci mishi rai, matan yanzu ma'aikata ado na biro ne, gida kuwa sai tsohon zane da warin hayaƙi. Lokaci ya ƙure muna ba mu amsa su duka ba, shi ya sa munka ce bari mu ƙarasa maganar a nan.

Mu fara da safiyar, don wanda bai san ta ba ba zai gane zancen ba. Uwa ma'aikaciya ta tashi tun kiran assalatu. Ta duba pampo ko ruwa ya zo, in bai zo ba ta nemi ɗan garuwa. Ta ɗora koko ko shayi, ta yi ma yara wanka, ta nemo takalmin wanda ya ɓatar da nashi, ta ba jariri nono, ta bar kuɗin cefane da bayanin abincin rana. In kuran ya tafi da dare, kayan da ta so gogewa suna nan yadda suke. Duk wannan kafin ƙarfe bakwai da rabi. Ko ungozoma ce a matanite, ko sakatare, ko mai tebur a Kasuwar Dole, lissafin guda ne: kowa na gidan ya samu rabonshi na safiya, ita ce ta ƙarshe.

To ra'ayinmu shi ne, minti biyar da mace za ta ba fuskarta kafin ta fita haƙƙinta ne, kuma sun isa. Abin da muke ja da shi abu biyu ne: kwaikwayon kwalliyar da ba a yi ta don ƙasarmu ba, da gajeriyar hanyar da ke cinye fata.

Mu ma ƴan rediyo da can ba ruwanmu, murya kaɗai ake ji, ko da hular barci kinka zo ba mai sani. Yanzu da anka kafa kamara cikin situdiyo ana nuna mu kai tsaye a Facebook, mun shiga layi. Mun kalli bidiyon TikTok irin waɗanda ake cewa kwalliyar gaggawa, mun gwada. Sai ki ga yarinya cikin ɗaki mai sanyi ta jera kwalabe goma sha, ta shafa wannan bisa wancan. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Ki ɗora fond de teint mai kauri ki hau babur, kafin ki kai wurin aiki zufa ta tsaga shi gida-gida, gefen hijabi ya koma ruwan ƙasa. Lokacin hunturu kuma ƙura ta manne bisa man, leɓe ya tsage. Sannan ga babban abin da masu bidiyon ba su lissafa da shi ba: mafi yawanmu za mu yi alwalar azahar da la'asar a wurin aiki. Malamai sun yi bayani, duk abin da ya yi ɓawo bisa fata ko farce har ya hana ruwa taɓa wurin, sai an cire shi kafin alwala. Jan farce na kwalba na ciki, haka kayan da aka rubuta ma ruwa ba ya wanke su. Kwalliyar da za ta sa ki jinkirta salla don kada ta ɓaci, ko ki kwashe rabin awa kina sake ta, ba ta gaggawa ba ce.

Ga abin da munka ga yana yi, mu da abokan aikinmu, bayan mun sha gwaji. Minti na farko, a wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, a tsane ta da tawul mai tsabta wanda ba na kowa da kowa ba. Na biyu, ɗan mai kaɗan. Da hunturu man kaɗe ya wadatar, a murza shi a tafin hannu har ya narke. Da bazara a rage sosai, mai maiƙon fuska ma ta iya tsallake goshi da hanci. Na uku, hoda marar nauyi wadda ta dace da launinki. Wajen saye a gwada ta a gefen muƙamuƙi cikin hasken rana, ba a bayan hannu cikin butik ba, don kada fuska ta yi fari wuya ya yi baƙi. Na huɗu, kwalli da jagira, layi guda siriri, a taje girar da ɗan buroshi. Na biyar, jan baki mai sauƙin launi ko man leɓe kawai. Shi ke nan, a ɗaura kallabi a kama hanya. Hoda da man leɓe su zauna cikin jaka. Bayan alwala minti guda ya isa a maida su.

Sirrin kuma ba da safe yake ba. Iyayenmu sun riga mu gane wannan. Lalle a ƙunsa shi daren asabar ko lahadi, ya yi makonni yana aiki, kuma launi ne kawai yake bari, ba ya hana ruwa. Kitso mai kyau ya ɗauke miki wahalar gashi na sati biyu. Kayan gobe a fidda su tun dare, a turara su da turaren wuta. Kuma komi gajiya a wanke fuska kafin a kwanta, don kwana da hoda na cikin abubuwan da ke kawo ƙurajen da muke kuka da su.

Yanzu ga inda maganar ke da nauyi. Saboda rashin lokacin nan ne mai tallar mai yake samun mu. Zai ce miki, Hajiya, wanga in kin shafa sati biyu ba ki sake buƙatar hoda, fuska za ta yi haske da kanta. Jikka guda ko biyu, har da na haɗi cikin roba marar suna. To mi ke ciki? Galibi abu uku ne. Akwai hydroquinone, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Akwai magungunan corticoïde irin su clobétasol, waɗanda na lokotoro ne, don wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci. In anka maida su man kullum fata na yin siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje su yi yawa, ciwo ya ƙi warkewa da wuri, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon suga. Ki tuna ke uwa ce, wata rana ana iya yi miki aiki wajen haihuwa, fatar nan ce za a ɗinke. Na ukun shi ne mercure, wanda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ba don wasa ba ne yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa kayan shafa masu mercure cikin abubuwan da za a kawar, Kodibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ma ta bi kasuwanni tana kwashe su. Kuma abin haushin, wadda ta fara don ta huta da hoda, ƙarshenta ita ce mai ɗora hoda ninki uku don ɓoye tabo. Minti biyar ya koma talatin.

Kwalli ma sai mun faɗi gaskiya a kanshi, ko da yake gadonmu ne. Kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa dutsen dalma ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa a jiki, kuma ƙananan yara sun fi kowa shan wahalarta, don tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana girma. Mu kuwa al'adarmu, in uwa ta sa ma kanta sai ta juya ta zizara ma jariri, ya murza ido ya kai hannu baki. Mu daina sa ma yara, wannan shi ne roƙonmu. Mu manya kuma mu nemi wanda aka rubuta abin da ke cikinshi, kada kuma mu yi karo-karon maciyin kwalli guda a biro, hanyar ciwon ido ke nan. Haka baƙin lallen nan mai kamawa cikin minti kaɗan: sau da yawa sinadarin rinin gashi ne ake haɗawa, ana ce mishi PPD, yana iya sa hannu ya kumbura ya yi ƙuna. A bayan kwalba kuma akwai ɗan hoton gwangwani buɗe da aka rubuta 6M ko 12M, watannin da kayan za su yi ne bayan an buɗe. Mascara ba a son ta wuce wata uku. Kayan da sunka kwana sunka wuni bisa tebur cikin rana a kasuwa, ko da arha, a yi hattara. Araha ba ta ado.

Mun san akwai masu cewa, to mi ya kai mace yin kwalliya in za ta fita? Muna girmama wannan magana, kuma ba muna kiran a fita da ado na biki ko turare mai tashe unguwa ba. Wadda ta zaɓi ta wanke fuska ta shafa mai ta tafi, ta yi daidai, kada wani shugaba a wurin aiki ya auna ƙwazonta da jan baki. Wadda kuma ɗan kwallin nan shi ke sa ta tsaya gaban ɗalibai saba'in ko layin masu awo da ƙarfin zuciya, ita ma a bar ta. Tun tattakin da matan ƙasar nan sunka yi a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 don a ba su wuri a shirin taron ƙasa, wanda ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar, magana ta wuce ko mace za ta fita aiki. Tana fita, albashinta na shiga tukunyar gida. Abin tambaya shi ne da wane hali take fita.

A nan za mu dawo wajen ɗan'uwanmu da ya bugo waya. Malam, kukanka na da gaskiya, kowa na son ya dawo gida ya tarar da fuska mai daɗin gani. Amma ka duba agogo. Matarka ta sauka aiki, ta biya kasuwa, ta hura wuta, ta duba kayen yara, ta yi wanke-wanke. A ina cikin wannan za ta samu lokacin da kake nema? Minti biyar ɗin nan a hannunka suke. Ka riƙe jaririn tana shiryawa. Ka ɗauki yara bisa babur ka sauke su lakwal. Ka sayo gawayi ko ka cika gaz ba sai an tuna maka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ku maza, ku lura da bakinku: in kullum a gabanta kuna yabon farar mace, kada ku yi mamaki ranar da kunka ga robar haɗi ƙarƙashin gado.

Ku kuma ƴan'uwa mata, kayan kwalliyar kullum ba su wuce biyar ba, kuma gara biyar masu kyau da ashirin na bakin hanya. Wadda ta riga ta fara man bilicin, kada ta ji kunya, kada kuma ta yanke shi dare ɗaya in ta daɗe a kai, don masu corticoïde na iya tayar da fata. Ta je asibiti a nuna mata yadda za ta janye a hankali. Malamar da ta kira mu, muna fata gobe ki sa kwallinki a gida, a zaune, gaban madubinki.

Filin na nan ranar da munka saba, layi a buɗe yake ga mata da maza. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya yi ma zuri'armu albarka. Mu kwana nan.