Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasin Filin Croydon

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu ilmin zamani, wai adana tsohon gini ɓarnar kuɗi ne, tun da tarihi ba ya cika ciki. Ina so in kai masu wannan ra'ayi kudancin Landan, filin jirgin sama na Croydon, su gani da idonsu.

An buɗe filin nan a 1920, ya zama babbar ƙofar Ingila ta sama, kuma mazaunin kamfanin Imperial Airways. A 1928 aka yi masa sabon gini mai hasumiyar kula da tashi da saukar jirage. A nan ne wani ma'aikacin rediyo, Frederick Mockford, ya ƙago kalmar Mayday, wadda matuƙa ke kiran ceto da ita har yau. Daga nan kuma Amy Johnson ta tashi ita kaɗai a 1930 ta nufi Ostareliya. Amma da gidaje suka kewaye shi, jirage kuma suka yi masa girma, sai Heathrow ta gaje shi, aka rufe shi ran 30 ga Satumba, 1959. Yawancin filin ya koma gidaje da masana'antu.

To, me ya hana tarihinsa bin iska? Mutanen gari ne, waɗanda suka kafa ƙungiya a 1978, suka yi ta tattara hotuna da takardu da labarun tsofaffin ma'aikata, har aka buɗe gidan tarihi a cikin hasumiyar a shekarar 2000. Sauran ginin kuwa an mai da shi ofisoshi, doka kuma ta hana a rushe shi. Ina ɓarnar take, alhali gini yana aiki, yara kuma suna hawa su ga inda aka yi aikin? Gani ai ya kori ji.

Kada wani ya ce wannan tarihin Turawa ne, ba ruwanmu. A watan Nuwamba na 1925 jirage 3 na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, a 1936 kuma Imperial Airways ɗin nan ta Croydon ta fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Watau hanyar nan baki biyu gare ta. Su sun tsare nasu bakin, mu fa? An rushe kamfanin Nigeria Airways a 2003. Ina takardunsa, ina tufafin matuƙansa, wa ya zauna da tsofaffin ma'aikatansa ya rubuta abin da suka sani? Wa ya ɗauki labarin alhazan farko da suka tafi Makka ta sama?

Lalle talauci gaskiya ne, amma littafin rubutu da na'urar ɗaukar murya ba su fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba. Mutanen Croydon ba su jira minista ba. Tilas mu ma mu tashi, mu bi tsofaffin nan gida gida tun suna raye, mu tattara abin da ya rage, sa'an nan mu nemi a ba shi ɗaki a Gidan Makama ko a filin jirgin Kano. Gini in ya tsage a yi masa yaɓe, amma tsoho in ya kwanta dama, ya tafi da abin da ya sani ke nan. Allah ya sa mu farga.