Injin Ɗab'i da Bindiga: Darasi Daga Asalin Addinin Mormon

A ranar 7 ga Yuni, 1844, wata jarida mai suna Nauvoo Expositor ta fito a garin Nauvoo da ke jihar Illinois ta ƙasar Amurka. Fitowarta ta farko ita ce ta ƙarshe. Bayan kwana uku majalisar garin ta yanke hukunci cewa jaridar fitina ce, magajin gari kuma ya ba da umurni aka farfasa injin ɗab'in, aka watsar da haruffansa a kan titi. Wannan magajin gari shi ne Joseph Smith, mutumin da ya kafa addinin Mormon, wanda mabiyansa suka ɗauka annabi ne. Kafin watan ya ƙare, ranar 27 ga Yuni, wasu mutane da suka shafa baƙi a fuska suka afka wa kurkukun garin Carthage da bindigogi, suka harbe shi tare da wansa Hyrum. Yana da shekara 38 a duniya.

Cikin kwana ashirin an yi kuskure biyu, kuma uwarsu ɗaya. Smith ya ji tsoron takarda, ya fasa injin da ya buga ta. Abokan gabansa sun ƙi jiran alƙali, suka kashe shi kafin a yi shari'a. Dukansu sun zaci ƙarfi zai rufe muhawara, kuma dukansu sun yi asara. Tarihin wannan addini hujja ce babba cewa da'awar addini, komai baƙuncinta ga mai sauraro, da bincike da hujja ake tunkarar ta. Duka ba ya kashe ta, ɓoye gaskiya kuma ba ya kare ta.

Kafin a gane yadda aka kai ga wannan rana, sai an waiwayi mafari. An haifi Joseph Smith ranar 23 ga Disamba, 1805, a garin Sharon na jihar Vermont. Iyayensa talakawan manoma ne. Rashin albarkar gona ya kore su zuwa Palmyra a yammacin jihar New York yana ɗan yaro. A wancan zamani yankin yana tafasa da wa'azi. Masu wa'azin ɗariku daban-daban na Kirista suna zagaya ƙauyuka, kowa yana kiran jama'a zuwa cocinsa, har gida ɗaya yakan rabu. A cewar Smith, wannan ruɗani ne ya sa ya shiga kurmi ya yi addu'a a shekarar 1820, inda aka yi masa wahayi cewa kada ya shiga ko ɗaya daga cikin cocin nan.

Ya ƙara da cewa a watan Satumba na 1823 wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa wasu alluna na zinariya da aka binne a wani tudu kusa da gidansu, amma ba a damƙa masa su ba sai 1827. Ya ce ya fassara rubutun da ke kansu da ikon Allah, yana faɗa, marubuta suna rubutawa. Mafi yawan aikin an yi shi ne a 1829 da hannun wani malamin makaranta, Oliver Cowdery. A watan Maris na 1830 aka buga Littafin Mormon a Palmyra, kofe 5,000 a kan dala 3,000. Wani manomi, Martin Harris, shi ya jinginar da gonarsa don a biya kuɗin. Littafin yana ba da labarin wasu mutane da suka bar Urushalima kimanin shekara 600 kafin miladiyya suka ƙetara teku zuwa nahiyar Amurka, ya kuma ce Yesu Almasihu ya ziyarci zuriyarsu. Ranar 6 ga Afrilu, 1830, aka kafa cocin da daga baya aka sa wa suna Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Mormon laƙabi ne da aka ɗauko daga sunan littafin.

Abin da ya bambanta wannan addini da manyan addinan da suka gabace shi shi ne lokacin haihuwarsa. An haife shi a zamanin jarida da kotu da gidan waya. Maƙwabtan Smith sun san shi tun yana yaro, wasunsu kuma sun rubuta abin da suka sani, na yabo da na suka. Akwai takardun da ke nuna an kai shi gaban alƙali a 1826 saboda sana'ar duba da dutse don neman dukiyar da aka binne a ƙasa. Akwai bayanan wahayin 1820 fiye da ɗaya daga bakinsa: a rubutun 1832 ya ambaci ganin Ubangiji, a na 1838 ya ce mutum biyu ya gani. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai mutum goma sha ɗaya da suka sa sunansu cewa sun ga allunan. Uku daga cikinsu, wato Cowdery da Harris da David Whitmer, sun ɓata da Smith a wajen 1837 zuwa 1838, sun rabu da cocin, amma babu wanda ya janye shaidarsa. Wanda ya yi imani yana da abin riƙewa a nan, mai shakka ma yana da nasa. Kayan muhawara dai ba su yi ƙaranci ba.

Amma maƙwabta da yawa ba su zaɓi muhawara ba. Mabiyan Smith sun koma Kirtland a jihar Ohio a 1831, suka gina haikali a 1836, sannan wani banki da suka kafa ya karye a 1837, jama'a suka yi hasarar kuɗi. A jihar Missouri rikici ya fi tsanani. Ranar 27 ga Oktoba, 1838, Gwamna Lilburn Boggs ya sa hannu a takardar da ta ba da izini a kore su daga jihar ko a hallaka su. Bayan kwana uku aka kashe mutum 17 a wani wuri da ake kira Haun's Mill, har da yara. Ba a soke wannan umurni a hukumance ba sai 1976. Dubban mutane suka ƙetare kogin Mississippi cikin tsananin sanyi, suka gina Nauvoo a kan fadama.

A nan wani zai iya cewa, ai Smith ba mai wa'azi ba ne kawai. Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. A Nauvoo shi ne shugaban coci, shi ne magajin gari, shi ne kuma kwamandan rundunar garin mai dubban mayaƙa. Mabiyansa sukan jefa ƙuri'a wuri ɗaya, abin da ya firgita 'yan siyasar yankin. A 1844 ya tsaya takarar shugabancin Amurka. Bugu da ƙari, yana auren mata da yawa a asirce, alhali a fili ana musantawa. Waɗanda suka buga Nauvoo Expositor ba baƙi ba ne. Jagoransu William Law ya taɓa zama ɗaya daga cikin mataimakan Smith na kusa, kuma babban zargin da suka yi, na auren mata da yawa, gaskiya ne. Saboda haka tsoron maƙwabta yana da tushe, fasa injin nan kuma zalunci ne da bai da madafa.

Sai dai duk wannan dalili ne na kai mutum kotu, kuma an kai shi. Smith ya miƙa kansa ga hukuma a Carthage bayan Gwamna Thomas Ford ya yi alkawarin kare lafiyarsa, aka tsare shi bisa tuhumar cin amanar jiha. Da an bar shari'a ta gudana, da shaidu sun yi magana a bainar jama'a, da mabiyansa sun ji da kunnensu abin da aka ɓoye musu. Masu bindiga sun hana hakan. Sun ɗauki mutumin da yake da tambayoyi masu wuya a gabansa, suka mai da shi shahidi a idon jama'arsa. Mutum biyar da aka gurfanar kan kisan a 1845 duk an sallame su.

Sakamakon ya saɓa wa abin da makasan suka nufa. Mabiyan sun rarrabu kan wanda zai gaje shi, amma mafi yawansu suka bi Brigham Young. Suka ratsa tsakiyar nahiyar da kekunan shanu, ayarin farko ya isa kwarin Salt Lake a watan Yuli na 1847. Wannan ƙaura da jinin Carthage su suka zama igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya. Cocin da aka fara da 'yan tsirarun mutane a 1830, yawan mabiyansa a duniya ya haura miliyan 17.

To, idan bindiga ta kasa, me ya iya girgiza cocin? Takarda ce. Alal misali, a 1835 Smith da mabiyansa sun sayi wasu tsofaffin takardun Masar, ya ce daga cikinsu ya fassara Littafin Ibrahim. An daɗe ana zaton takardun sun ƙone. A 1967 wani gidan adana kayan tarihi a birnin New York ya miƙa wa cocin gutsattsarinsu. Masana harshen tsohuwar Masar suka karanta, suka ce rubuce-rubucen jana'iza ne irin waɗanda ake binnewa da mamaci, babu sunan Ibrahim a ciki. Wannan bayani na masana ya tilasta wa cocin yin tunani fiye da yadda taron 'yan iska ya taɓa yi.

Shekaru da yawa littattafan koyarwa na cocin suna tsallake irin waɗannan batutuwa. Da intanet ta zo, matasan cocin suka riƙa cin karo da su a wurin baƙi, wasu suka fita suna cewa an rufe su. Masu iya magana sun ce ba a rufe rana da tafin hannu. Daga 2008 cocin ya fara buga takardun Smith dalla-dalla, wasiƙu da littattafan ajiya da bayanan kotu. A 2013 da 2014 ya fitar da jerin maƙaloli da suka amsa cewa Smith ya yi amfani da dutse a cikin hula wajen fassara, cewa rubutun takardun Masar bai dace da Littafin Ibrahim ba, kuma cewa matan da aka ɗaura masa sun kai 30 zuwa 40, cikinsu har da 'yar shekara 14. A 2015 aka buga hoton dutsen. An makara, amma matakin ya cancanci yabo. Abin lura shi ne, zargin da aka fasa inji a kansa a 1844, cocin ya tabbatar da shi da kansa.

Wannan tarihi ya taɓo Afirka ta Yamma kai tsaye. A zamanin Smith an naɗa wani baƙar fata mai suna Elijah Abel a muƙamin limanci a 1836. Amma daga 1852, ƙarƙashin Brigham Young, aka haramta wa baƙaƙen fata wannan muƙami, ba a ɗage haramcin ba sai watan Yuni na 1978. Duk da haka, tun kafin lokacin akwai mutane a kudancin Najeriya da Ghana da suka karanta littattafan cocin suka kafa taron ibada da kansu. A 1989 gwamnatin Ghana ta dakatar da ayyukan cocin, mabiyan suka koma yin ibada a gidajensu, aka janye dokar a ƙarshen 1990. A 2004 aka buɗe haikali a Accra, a 2005 aka buɗe wani a Aba. Dokar hani ba ta rage su ba. Abin da ya sauya cocin shi ne matsin lamba na hujja, har ya fito a 2013 ya nesanta kansa daga tsofaffin bayanan da aka yi amfani da su wajen ƙasƙantar da baƙar fata.

Ba a ce takarda tana warware komai ba. Babu wani kundi da zai tabbatar ko ya ƙaryata zuwan mala'ika, domin wannan fage ne na imani. Musulmi ba su yarda da annabcin Smith ba, haka nan Katolika da sauran manyan ɗarikun Kirista ba su karɓi littafinsa ba, kuma kowannensu yana da dalilansa da yake da 'yancin bayyanawa. Amma akwai tambayoyin da takarda take amsawa: wa ya ce me, yaushe, a gaban wa, kuma me ya ɓoye. Mabiyi yana da haƙƙin sanin waɗannan amsoshi kafin ya ba da zuciyarsa da dukiyarsa. Mai suka kuma wajibi ne ya san su kafin ya buɗe baki, domin sukar jahilci tana ƙara wa abin suka ƙarfi ne kawai.

Har yau akwai ƙasashe da dama inda 'yan ƙananan ɗariku suke zaune cikin fargaba, akwai kuma shugabannin addini da suke ganin tambaya a matsayin cin fuska. Labarin Nauvoo da Carthage ya shafi ɓangarorin biyu. Shugaban da ya fasa inji bai hana a karanta jaridar ba, ga ta nan har yanzu a ɗakunan karatu. Mutanen da suka harba bindiga ba su hana a karanta Littafin Mormon ba, an fassara shi cikin harsuna fiye da 100. Abin da ya rage wa ɗalibi mai neman sani shi ne ya ɗauki takardun duka biyu, ya zauna, ya karanta.