Kwalliyar Gari Da Bashi: Wa Zai Biya A Azare?

Duk ɗan ƙasar Katagum da ke neman abinci a Ikko, ko Sabon Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san daɗin da ke cikin komawa gida da salla. Ya kuma san tambayar da ke jiransa a bakin ƙofa, bayan an gama gaisawa: shin kuɗin da ake cewa ana turo wa ƙaramar hukuma daga Abuja kowane wata, ina suke shiga? Wannan tambaya ce ta mazaunin Azare, kuma ta cancanci amsa daga waɗanda aka danƙa wa amanar baitulmali.

Azare ba ƙaramin gari ba ne. Nan ne fadar masarautar da Malam Zaki ya kafa fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, nan ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum. Akwai babban asibitin tarayya, akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga kuma jami'ar kimiyyar lafiya da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021. Garin da ya tara waɗannan ba ya bukatar a ƙirƙiro masa suna. Abin da yake bukata shi ne a riƙe shi yadda ya dace da girmansa.

Amma wata ɗabi'a ta kama shugabanni a ƙasar nan, wato son aikin da ido ke gani daga cikin mota. Shataletale mai fenti, ƙofar shiga gari mai rubutun zinariya, allon hoton mai girma a kowace kwana. Jihar Bauchi kanta tana ɗauke da kirari a lambar motocinta, ana kiranta lu'ulu'un yawon buɗe ido. Kirari ba laifi ba ne, Yankari kuwa abin alfahari ne. Sai dai baƙon da ya zo kallon giwaye ba shi ke kwana a unguwar da ruwa ke shiga ɗaka ba.

A watan Yuni na 2018 gobara ta cinye kasuwar Azare, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jaje da kansa. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙasar Katagum, motocin kaya da na fasinja suka yi cirko-cirko. Wuta da ruwa su ne abokan gabar wannan gari. Saboda haka motar kashe gobara mai ruwa a ciki, da rijiyar burtsatse a tsakiyar kasuwa, da magudanar da ake yashewa kafin damina, su ya kamata su zo a sahun farko na kasafin kuɗi. Tsarin mulkin 1999 ma ya lissafa kasuwanni da tashoshin mota da magudanun ruwa da kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

To, sai batun bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu mai cewa gwamnati kada ta ci. Abin dubawa shi ne a kan me aka ci, kuma wa zai biya. Idan jiha ta ciwo bashi, tun daga Abuja ake yanke kuɗin biya kafin kasonta ya iso gida. In bashin na dala ne, abin ya fi muni: a farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wato nauyin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya ba. Gadojin sama na Wunti da Babbar Kasuwa suna birnin Bauchi, amma duk abin da aka yanke daga kason jiha, manomin Madara da mai sayar da gero a Chinade suna da rabo a cikin biyansa.

Dattawan da suka daɗe a Ikko ba su manta da 1975 ba, lokacin da ɗaruruwan jiragen siminti suka toshe tashar Apapa, ana biyansu kuɗin jira. An yi bikin FESTAC a 1977, zuwa 1982 kuwa gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. Bashin da ya taru daga waɗannan shekaru bai sauka daga wuyan ƙasa ba sai a 2006, bayan an biya ƙasashen Turai da sauransu dala miliyan dubu 12. Abin da ya kayar da ƙasa sukutum ba zai ƙyale jiha ko ƙaramar hukuma ba.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Hukunci a takarda bai isa ba sai jama'a sun bi sawunsa. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Katagum ta riƙa liƙa wa jama'a lissafi da Hausa a ƙofar sakatariya kowane wata: nawa ya shigo, nawa aka biya albashi, nawa aka tara daga rumfunan kasuwa da tasha, wane ɗan kwangila aka ba wane aiki. Haka kuma wakilan yankin a Majalisar Dokokin Jiha kada su ɗaga hannu a kan wani rance sai sun ga sunan aikin da wa'adin biyansa.

'Yan Katagum mazauna Kudu suna da ta cewa a nan. Kuɗin da suke aikawa gida su ke gyara katangar da ruwa ya rusa, su ke mayar da jarin ɗan'uwan da ya ƙone. Ƙungiyoyinsu na Agege da Idi-Araba da Sabo suna iya rubuta takarda ɗaya da murya ɗaya, su nemi a nuna musu lissafi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya kare Azare daga wuta da ruwa, amin.