Ɗan Manomin Kadawa Da Harshen Jamus

Duk lokacin da aka zauna rabon guraben ƙaro ilmi a ƙasashen waje, likita da injiniya ne a sahun gaba, wannan kuwa daidai ne. Amma ɗalibin da ya ce yana son zurfafa karatu a harshen Jamus da adabinsa, dariya ake yi masa. Idan ɗan manomi ne daga Kadawa, ko Kura, ko Bunkure, sai a tambaye shi ko Jamusanci zai hana tumatir ruɓewa a bakin hanyar Zariya. A ganinmu wannan dariya kuskure ce, kuma ta daɗe tana jawo mana hasara.

Jamusawa dai ba su yi wa harshenmu dariya ba. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 yana jin Hausa, ya rubuta bayanin saƙa da rini da cinikin tufafi, sana'ar da Kura ta yi suna a kanta har cikin Sahara. Adam Mischlich ya buga ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma amfana ƙwarai da ilmin Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934. Tun 1963 Muryar Jamus take watsa shirye-shirye da Hausa.

Abin da ya fi damunmu shi ne labarin Paul Staudinger. Wannan mutum ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato a 1885 zuwa 1886, kafin zuwan mulkin Ingilishi, ya buga littafinsa a 1889. Ba a fassara shi da Ingilishi ba sai 1990. Wato shekara ɗari da ɗaya shaidar wanda ya ga kakanninmu da idonsa tana rufe ga mafi yawan malaman tarihinmu, ba don an ɓoye ta ba, sai don ba mu iya karantawa. Akwai sauran irinta a ɗakunan karatu na Berlin da Hamburg.

Kadawa kanta ta isa misali. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙwararru daga ƙasar Holan ne suka tsara magudanan. Ba mu ce tunda baƙi sun iya shi ke nan ba. Mun tura 'ya'yanmu sun koyo, yau su ke riƙe da aikin. Me zai hana a yi haka da harshe?

Hanyar ba mai sauƙi ba ce, kada mu ruɗi ɗalibai. Jami'o'in da suka yi suna wajen koyar da Jamusanci a Nijeriya su ne na Ibadan da Ife da Nsukka, dukkansu a Kudu. Mai neman babban digiri a wannan fanni a Jamus sai ya ci jarrabawar ƙwarewa a harshen tukuna. Galibin jami'o'in gwamnati a can ba su karɓar kuɗin koyarwa, amma a 2024 an ƙayyade cewa baƙon ɗalibi ya ajiye Yuro 11,904 na ci da kwana na shekara guda kafin a ba shi biza. Manomi nawa ne zai iya fitar da wannan daga buhunan shinkafa?

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Jihar Kano da ta keɓe ko gurbi biyu ne kowace shekara don wannan fanni, ta kuma taimaki ɗalibai wajen neman tallafin hukumar DAAD ta Jamus. A ɗora musu sharaɗi ɗaya: duk wanda ya dawo ya koyar a Jami'ar Bayero, ya kuma juya littafi guda daga Jamusanci zuwa Hausa kai tsaye. A fara da na Staudinger.