A Hau Shi, Ko a Bari Ya Ƙoshi Tukuna?

 Wannan makon maganar doki za mu yi, kuma waɗanda suka zo zumunta ran Laraba da yamma sun san dalili.

Ɗaya daga cikinmu, ba sai mun kira suna ba, ya kwashi adashinsa, ya haɗa da kuɗin shinkafar da ya noma a fadama, ya sayo doki. Da araha ya same shi, kuma wanda ya sayar masa bai ɓoye kome ba, kuɗin ramammen doki ya karɓa. Mun je mun gan shi a turke. Daga nesa ana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙashin bayansa ya fito kamar kunyar gona, ƙugunsa ya tsaya tsiri biyu, wuyansa ya zama siriri har kan ya yi masa girma. Amma idonsa da haske, kuma da muka matso sai ya ɗaga kunne. Shirin ɗan'uwanmu shi ne ya hau shi a bikin yayansa nan da sati uku, gab da Kirsimeti, daga nan kuma ya fara ba da shi haya ga masu hawan angonci don ya maida kuɗinsa. Musu ya kaure a zumunta har aka manta da waƙar rufewa. Aka ce Fasto ya raba gardama.

Ga abin da muka gani: kada a hau shi. Ba a bikin ba, ba kuma ɗan zagaye na gwaji a bayan gari ba.

Waɗanda suka ce a hau ba shirme suka faɗa ba, don haka bari mu ba su haƙƙinsu. Sun ce dokin ƙasarmu ba mai tara kitse ba ne, haka ƙirarsa take. Sun ce dokin da aka bari a turke lalacewa yake yi, kilisa ce ke buɗe masa ciki ya ci abinci. Sun kuma ce dabba ce mai ci kullum, in ba ta kawo kome ba aljihun mai ita zai rame kafin ita ta ƙoshi. Duka ukun akwai gaskiya a ciki. Mu mutanen Haɗejiya ba baƙin doki ba ne. Da dawaki Sarki Buhari ya yi yaƙe-yaƙensa a tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yau ranar hawan Salla mukan tsaya bakin hanya tare da maƙwabtanmu mu sha kallo. Sai dai dokin da muke gani yana rawa a ƙofar fada an daɗe ana yi masa hidima a barga kafin ranar. Wannan ɓangaren ne masu kallo ba sa gani.

Akwai bambanci tsakanin doki siriri da doki ramamme, kuma hannu yakan gane shi. A shekarar 1983 wani masani a jami'ar Texas A&M ta Amurka, Don Henneke, ya fito da ma'aunin ƙibar doki daga 1 zuwa 9, wanda likitocin dabbobi ke amfani da shi har yanzu. Ana dubawa ana kuma shafa wuya, kafaɗa, gadon baya, haƙarƙari da gindin wutsiya. Doki mai lamba 5 ba a ganin haƙarƙarinsa amma ana jinsa da hannu. Mai lamba 4 ana ɗan hango shi, kuma yawancin dawakinmu masu aiki da lafiyarsu a nan suke. In aka sauko zuwa 2, ƙasusuwa ne a fili ko'ina. Wanda muka gani a turke ya fi kusa da 2 fiye da 4. Wannan ba ƙira ba ce, yunwa ce ko cuta, ko duka biyun.

Abin da ya kamata mai shirin ɗaura sirdi ya sani shi ne, dokin da ya daɗe cikin yunwa ba kitse kaɗai yake rasawa ba. In kitse ya ƙare, jiki yakan koma cin tsokarsa. Tsokar da ke kwance hagu da dama na ƙashin baya ita ce katifar da sirdi ke zama a kai. In ta zube, icen sirdi da nauyin mahayi sai su sauka kan ƙashi da fata tsirara. Hawan awa biyu ya isa ya buɗe miki a gadon baya, kuma mikin sirdi a jikin da ba shi da abin gina sabuwar fata yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, ga ƙuda suna binsa. Wanda ya hau don ya maida kuɗinsa da wuri, shi ne zai zauna da dokin da ba ya hawuwa har bazara.

Mu yi ɗan lissafi. Masu kiwon doki sukan ce kada abin da ke bayansa, mahayi da kayan hawa duka, ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. A ce doki ne da in ya ƙoshi zai kai kilo 300, to kilo 60 ke nan. In ya rame ya dawo 240, sai 48, kuma wannan lissafin ma na lafiyayyen doki ne. Ɗan'uwanmu shi kaɗai ya haura 60, ba a sa sirdin gargajiya da likkafa da kayan adon biki ba. Sannan ga taro, ga kiɗa, ga babura suna ta hon, ga yara suna gudu ta ƙarƙashin wuyansa. Dokin da ƙafarsa ba ta da ƙarfi in ya yi tuntuɓe ba shi kaɗai zai faɗi ba, kuma ba mu san halinsa ba tukuna. Yunwa takan sa doki ya yi laƙwas a ɗauka mai ladabi ne, sai ya ƙoshi ainihin halinsa ya fito.

Akwai wani labari a Farawa sura 33 da muke so ku koma ku karanta. Bayan Yakubu ya sulhunta da Isuwa, Isuwa ya nemi su kama hanya tare, shi da mutanensa ɗari huɗu. Yakubu ya ƙi, ya kawo dalilin yara ƙanana da dabbobi masu shayarwa, waɗanda korar yini guda za ta iya hallaka su, ya zaɓi ya bi a hankali daidai ƙarfinsu. A makarantar tauhidi mun yi ta musu ko Yakubu da gaske yake ko dabara ce ta rabuwa da wansa, tun da daga baya Sukkot ya nufa, ba Seyir ba. Ko ma wanne ne, Isuwa bai musa ba, domin duk wanda ya tashi cikin kiwo ya san maganar haka take. Wanda ya yi shekara ashirin yana kiwon garken Laban ya san mafi rauni a cikin garke shi ke yanka saurin tafiya.

Sai dai ƙin hawa shi ne mai sauƙin. Inda muka fi jin tsoro shi ne wajen tausayi. Da muka ce kada a hau, nan take wani ya ce to a cika masa kwano da gero da dusa safe da yamma, kafin sati uku ya murmure. 'Yan'uwa, wannan na iya kashe shi tun kafin sirdi ya taɓa bayansa. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka danƙara masa hatsi farat ɗaya, sinadaran da zuciya ke aiki da su sukan gudu daga jini su shige cikin tsoka, sai zuciya ko numfashi su gaza, yawanci cikin kwana goman farko. Likitoci sun ga irin wannan a jikin mutane a 1945, lokacin da aka sako fursunonin yaƙin duniya na biyu aka ba su abinci mai yawa don tausayi. Ga shi tumbin doki ƙarami ne in aka gwada da girmansa, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga. Hatsi mai yawa yakan kawo masa ciwon ciki da ciwon kofato.

Karin Magana 12:10 tana auna adalcin mutum da yadda yake bi da dabbarsa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kalmar da aka yi amfani da ita a Ibrananci ita ce ta sani: adali ya san ran dabbarsa. Jin tausayi kawai bai isa ba, sai an san abin da cikin dabbar zai iya ɗauka yau.

Jami'ar California da ke Davis ta yi bincike a kan dawo da dawakin da yunwa ta cinye, shawararta kuwa ita ce a fara da busasshiyar ciyawar alfalfa, kamar rabin kilo duk bayan awa huɗu a kwana ukun farko, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana goma, hatsi kuma a jinkirta shi. Sun ce dawowar jiki sosai takan ɗauki wata uku zuwa biyar. Alfalfa dangin wake ce, kuma abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne harawar wake da ta gyaɗa, mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba. Allah ya taimaki ɗan'uwanmu da ya sayi dokin da kaka, lokacin da harawa ke jibge a kan rumfuna da rassan itatuwa. Wanda zai riƙe doki ya tara ta yanzu, don kowa ya san yadda kuɗinta ke tashi in rani ya yi nisa. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke, doki yakan sha lita 25 zuwa 40 a yini, fiye da haka in zafi ya tsananta.

Kafin duk wannan, a kira likitan dabbobi, domin ba kowace rama ce ta yunwa ba. Tsutsar ciki tana ramar da doki ko da yana ci. Haƙoran doki kan yi kaifi a gefe su yanke masa kumatu, sai ka ga yana tauna yana zubarwa. Kaska tana sa masa cutar jini. Akwai kuma sammore, irin wadda ƙudaje masu cizo ke ɗaukowa daga dabba zuwa dabba, har daga raƙuma, kuma tana sa zazzaɓi mai zuwa yana komawa da rama a hankali har dabbar ta faɗi. Yankinmu hanyar dabbobi ce, kasuwar Maigatari kaɗai duk Alhamis tana tara dawaki da raƙuma da shanu daga Nijar da sassa da yawa, don haka sabon doki sai a ware shi sati biyu zuwa uku kafin ya haɗa kwano da wasu. Kanwa da jiƙe-jiƙen da dattawa suka sani suna da wurinsu, amma ba za su gaya mana abin da ke cikin jininsa ba. Maganin tsutsa ma a bar likita ya faɗi lokaci da adadi, don jikin da ya raunana ba kome yake ɗauka ba.

Wani ya ce a kai shi fadama kawai a sake shi, ga ɗanyar ciyawa kyauta tun da ruwa ya janye. Mun san albarkar kogin Haɗejiya, daga Auyo har Guri da Kirikasamma, da ita muke ci. Amma inda ruwa ke kwanciya nan ƙudan cizo da sauro suke, tsayuwa cikin laka tana ruɓar da kofato, kuma cikin da ya saba da yunwa in ya cika da ɗanyar ciyawa lokaci guda yakan ɓaci. In za a kai shi, sai bayan ya fara murmurewa, ɗan lokaci kaɗan, a busasshen wuri.

Maganar cewa turke na lalata doki kuwa, amsarta ragama ce, ba sirdi ba. In ya wuce kwanakin farko ya fara samun ƙarfi, a ja shi da hannu minti goma da sanyin safiya, a riƙa ƙarawa. A nan ne zai san muryar ubangidansa, shi ma ya san abin da ke firgita shi. Ranar da tafin hannu ya bi gadon bayansa ya ji nama ya rufe ƙashi, haƙarƙari ya daina bayyana daga nesa, likita kuma ya ce jininsa lafiya, sai a ɗora sirdi ba mahayi na 'yan kwanaki, sannan a sa yaro marar nauyi, tafiya kawai, ba sukuwa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun ɗan'uwanmu, ko da yake bai faɗa a gaban jama'a ba. Gaskiya ne zai ciyar wata uku ko huɗu ba ko sisi da zai shigo. Arahar da ya samu a kasuwa bashi ce, a turke zai biya ta. Mun gaya masa in ya ga ba zai iya ba, babu kunya ya sayar wa wanda ke da halin kiwo, hakan ya fi ya hau ya karya shi ya sayar da asara. Ya ce zai riƙe. Mun kuma je mun ga ango, ya yi dariya ya ce shi dama mota ya fi so, ƙaninsa ne ke son a gan shi a kan doki.

Don haka ga inda aka tsaya. Likita zai zo ya duba shi cikin makon nan. Masu gonar wake da gyaɗa a cikinmu, wanda ke da damin harawa da zai iya bayarwa ya sanar da shugaban matasa bayan sujada ran Lahadi. 'Yan'uwa biyu sun ɗauki nauyin ba shi abincin dare a kwanakin farko, ana neman mutum ɗaya kuma na asuba. Za mu koma mu shafa bayansa kafin Ista.