Jingina ba ciniki ba ce, amma fa sai an rubuta

A nan Icirnawa, duk wanda ya iya karanta Faransanci ya zama lauya, ko ya so ko ya ƙi. Ni tsohon malamin makaranta ne, shi ya sa bayan la'asar ba na rasa mai sallama a zaure da takarda naɗe cikin leda. Tambayoyin ba su da yawa, masu kawo su ne ke canzawa. Na sayi kango, yanzu ƙanen mai gidan ya ce bai yarda ba. Na biya fegi a Matameye, me ya rage? Mun jinginar da gida, mun koma mun ƙaro kuɗi, har yanzu namu ne? Ta ƙarshen nan ita ke hana ni barci.

Kowa ya san yadda abin ke farawa. Bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, ko ciwo ya kwantar da mai gida, ko ana neman kuɗin motar zuwa Aljeriya. Mu mutanen ƙasar Kance ba sai an ba mu labarin wannan hanya ba: mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada bayan Arlit a watan Oktoban 2013, galibinsu mata da yara, da yawansu daga yankinmu suka tashi. Mai buƙata ya je wurin mai hali, ya karɓi jika ɗari, ya miƙa gona ko sashen gida a gaban mutum biyu, a yi fatiha a watse. Baɗi ya koma ya ƙaro hamsin, baɗin baɗaɗa ya sake komawa. Ba wanda ya kira maigari, don ai ƙari ne a kan tsohuwar magana. Sai rai ya yi halinsa.

Ɗan ƙanwata ya dawo daga cirani a Kano da kuɗin fansar kangon mahaifinsa. Ya zube su a kan tabarma, an ɗaure da roba, ya ce, "Kawu, ga su nan cif, amma mutumin ya ce karɓar ƙarshe da Baba ya yi cikon ciniki ce." Na tambaye shi su wa aka yi a gabansu. Ɗaya ya rasu. Ɗayan tsoho ne, ya tuna an ƙirga kuɗi a gindin dogon yaro, amma abin da aka faɗa ya shige masa. Da aka zauna sulhu, rabin kangon yaron ya samu, kuma kowa ya ce ya yi sa'a.

Abin takaicin shi ne, addini da dokar ƙasa duk suna tare da yaron, hujja ce kawai ba shi da ita. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kayan jingina ba ya zama na mai bin bashi don wa'adi ya wuce; ko an gindaya wannan sharaɗi, ɓatacce ne. Dokar ƙasa kuwa, wato doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 wadda ta kafa tsarin mallakar ƙasa a karkara, ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya. Daga cikinta aka samu kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, kuma ɗaya daga cikin na farko a nan jiharmu ta Damagaram aka kafa shi, a Mirriya, a 1994. Yau tsarin ya sauko har ƙauye, inda maigari ke shugabanta. Suna da takarda daban don sayarwa, daban don kyauta, aro, haya, da kuma jingina. A cike, shaidu su dangwala, maigari ya sa hannu, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma. Da mahaifin yaron nan ya yi haka a karɓar farko, ya kuma rubuta kowane ƙari, da ba a kai ga raba kango ba.

Na san abin da za a ce, don ana faɗa mini a fuska: "Malam, in na nemi takarda, ai na nuna ban yarda da shi ba ke nan." Kunya ce, kuma ina girmama ta. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin. Ku biyun da kuka yarda da juna ba za ku dawwama ba. 'Ya'yanku ne za su tsaya gaban sarki, su kuwa ba su ji abin da kuka ƙulla ba.

Mai sayen gida a ƙauye, tambayarsa ta farko ita ce: an raba gado? Idan ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa, har da matan da ke gidan aure a Daweshe ko Tsawuni, waɗanda ake yawan mantawa da su sai an zuba tubali. Ko rabonsa kaɗai ya sayar, abokan tarayyarsa na da haƙƙin shufu'a, su biya abin da ka biya su karɓe. Fegin gari kuwa lissafinsa daban. Takardar da ma'aikatar magajin gari ta bayar tana ɗauke da sunan mai shi na farko, kuma muddin ba a je an mayar da ita sunanka ba, a idon hukuma fegin ba naka ba ne. Ka je da ƙafarka ka ga duwatsun iyaka kafin ka zaro ko dala.

Masu son jinginar da gida a banki kuwa su sani, takardar maigari ba ta wadatar a can. Dokar kasuwanci ta ƙungiyar OHADA kan lamuni, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta tanadi cewa gida ko fili mai rajista ne ake jinginarwa, wato mai takardar mallaka ta dindindin, irin ta Sheda da aka sauƙaƙa samunta tun 2006. Dokar ta hana a miƙa wa mai bin bashi gidan da mutum ke zaune ciki a matsayin biya, amma ba ta hana kotu ta sa a yi gwanjonsa ba. Wanda zai ƙaro bashi a kan gidan iyalinsa ya riƙe wannan da kyau.

Roƙona ga hukumomin Icirnawa da masu garuruwanmu ba mai tsada ba ne. A tabbata takardun jingina suna hannun kowane sakataren Kofo kafin bazara ta kama, don lokacin ne ake yawan jinginarwa. A manna farashin cike su inda kowa zai gani. A karanta wa mutum abin da ke ciki da Hausa, da ƙarfi, a gaban matarsa da babban ɗansa, kafin ya dangwala. Limamanmu kuma su faɗa a huɗubar Juma'a cewa duk ƙarin kuɗin da aka karɓa a kan tsohuwar jingina sai an sake kiran shaidu an rubuta adadinsa da ranarsa.