Madubin da zai leƙa bayan ƙurar sama, da rabon 'ya'yan Sabo a cikinsa

Idan hunturu ya kankama a watan Janairu, mutumin da ya tsaya da hantsi a bakin titin Sabo, a Ibadan, ya ɗaga kai wajen tudun Mokola, da ƙyar zai rarrabe gini da sararin sama. Gine-ginen suna nan inda suke, hazo ne ya shiga tsakani. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana ci wa masana taurari tuwo a ƙwarya, sai dai tasu ƙurar ba ta jiran damina ta wanke ta. A tsakanin taurari akwai manyan gajimare na iska da ƙura, ƙwayoyinta ƙanana kamar na hayaƙi, kuma a cikinsu ne sababbin taurari da duniyoyinsu ke samuwa. Ƙurar takan haɗiye hasken tauraro, ta ɗan yi ɗumi, sannan ta fitar da shi a wani launi da idon ɗan Adam ba ya gani. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin hasken da taurari suka taɓa fitarwa ta wannan hanya yake isowa.

An gano launin ne a 1800, lokacin da William Herschel a Ingila ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito da launukan bakan gizo, ya jera ma'aunan zafi a kansu. Da ya gusa da ma'auni ɗaya gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Ashe akwai haske a bayan ja. Shi ne ɗumin da fata ke ji daga garwashi tun kafin hannu ya kusance shi. Wannan haske zango-zango ne: akwai na kusa da ja, akwai na tsakiya, akwai na can nesa, wanda tsawon igiyarsa ke kamawa daga kimanin maikiron 25 zuwa ɗaruruwa. Maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na nesan nan abubuwa masu tsananin sanyi ne ke fitar da shi, irin ƙurar da ke digiri 250 ƙasa da sifiri.

Kama shi yana da wuya ta fuska biyu. Tururin ruwan da ke cikin iska yakan shanye shi tun bai iso ƙasa ba. Gari mai damshi irin Ibadan ba ya ma cikin lissafi. Ko a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, inda aka kafa na'urorin ALMA a tsayin mita 5,000, 'yan tagogi kaɗan ne ke buɗewa, su ma a gefen zangon da ya fi tsawo. Dole sai an fita sararin samaniya. Matsala ta biyu madubin ne da kansa. Mai tsiren da ke tsaye gaban tukubarsa da dare ba zai ji ɗumin kofin shayin da ke tsallaken titi ba, domin wutar gabansa ta danne komai. Haka madubin da bai yi sanyi sosai ba: nasa ɗumin zai makantar da na'urorinsa.

Tauraron IRAS na Amurka da Holan da Birtaniya shi ya buɗe ƙofa a 1983, ya yi wata goma yana aiki. Babban yaya a gidan shi ne Herschel na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba ranar 14 ga Mayun 2009 da madubi mai faɗin mita 3.5, aka girke shi kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya. Na'urori uku ya ɗauka. PACS da SPIRE na ɗaukar hoto da tankaɗe haske, HIFI kuma rariya ce mai ƙananan idanu sosai, wadda ke bambance sa hannun kowane sinadari. Da su aka ga cewa gajimaren da ke samar da taurari ba curi ba ne, zare-zare ne kamar saƙa, taurarin na fitowa a jikin zaren. A 2011 HIFI ta nuna cewa ruwan da ke jikin tauraro mai wutsiya Hartley 2 ya yi daidai da na tekunan duniya wajen yawan haidirojin mai nauyi, abin da ya sake tayar da muhawarar daga ina ruwan duniya ya zo. A 2014 aka bayyana cewa Herschel ya hango tururin ruwa a Ceres. Amma da ruwan hiliyam yake sanyaya na'urorinsa, lita fiye da 2,000, kuma ranar 29 ga Afrilun 2013 tulun ya ƙare. Jirgin SOFIA, wato Boeing 747 mai ɗauke da madubi a gefensa, ya riƙe igiyar har Satumban 2022. Shirin SPICA na Japan da Turai an soke shi a Oktoban 2020 tun yana kan takarda. Shi kuwa James Webb, duk da shahararsa, idonsa ya tsaya a kimanin maikiron 28. Daga nan zuwa inda ALMA ke kamawa, babu babban madubin da ke kallo a yau.

Wannan giɓi ake son PRIMA ya cike. A Oktoban 2024 hukumar NASA ta zaɓe shi tare da wani shiri mai suna AXIS don zurfafa nazari, bisa sharaɗin ɗaya kaɗai zai tashi a 2032, a kan kuɗin da bai wuce dala biliyan ɗaya ba, ban da na harbawa. Faɗin madubinsa mita 1.8 ne, kusan rabin na Herschel, amma girman kai ba shi ne hankali ba. Madubin Herschel yana wajen digiri 190 ne ƙasa da sifiri. Na PRIMA za a kai shi kusan 269, wato saura digiri huɗu da rabi ya taɓa iyakar sanyin da babu na ƙasa da shi. Kuma da injin sanyaya za a yi, ba da tulun hiliyam mai ƙarewa ba. An kashe wutar tukuba ke nan. A bayan madubin akwai dubban ƙananan idanu na wani ƙarfe da aka sanyaya har lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da turjiya ba, ta yadda ɗan hasken da ya faɗo musu sai ya sauya amonsu a ji. Na'ura ɗaya, FIRESS, za ta tankaɗe haske daga maikiron 24 zuwa 235. Ɗayar, PRIMAger, za ta zana taswirar sama, ta kuma auna karkatar hasken, wadda ke nuna inda ƙarfin maganaɗisu ya dosa a cikin gajimare.

Tambayoyin da za a kai masa manya ne. A kewayen kowane sabon tauraro akwai faifan iska da ƙura wanda duniyoyi ke fitowa daga cikinsa, kuma har yanzu auna nauyin faifan yana ba masana wahala. Akwai wani nau'in haidirojin da ke haskawa a maikiron 112. Da shi Herschel ya auna faifan tauraron TW Hydrae da 'yan kaɗan, PRIMA kuma na fatan auna ɗaruruwa, ya bi sawun ruwa a cikinsu. Sai batun garken taurari shekara biliyan goma da suka wuce, lokacin da samuwar taurari ta kai ƙololuwa, da yadda baƙaƙen ramukan da ke tsakiyarsu suka girma tare da su a ɓoye cikin ƙura. Ko ga duniyar nan zangon yana da magana, domin kusan rabin zafin da take mayarwa sama ta nan yake fita, kuma ba a taɓa auna shi yadda ya kamata ba. Shi ya sa NASA ta harba 'yan taurarin PREFIRE guda biyu a 2024, Turai kuma ke gina FORUM. Duk lissafin da za a yi wa daminar Sakkwato da Maraɗi nan gaba zai amfana da awonsu.

To, ina ruwan Sabo da wannan? Ibadan ba baƙuwa ba ce a harkar hasken da ba a gani. Elizabeth Alexander, wadda a 1945 ta gane cewa hayaniyar da na'urar rada ke ji a tsibirin Norfolk da fitowar rana da faɗuwarta daga ranar take zuwa, ta ƙare rayuwarta tana koyar da ilimin ƙasar noma a Kwalejin Jami'ar Ibadan, ta rasu a 1958. Mijinta Norman Alexander, farfesan fiziks a can, shi ne ya zama shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. A Ibadan ɗin Samuel Okoye ya yi digirinsa na farko kafin ya tafi Kambirij, inda shi da Antony Hewish suka gano wani baƙon tushen igiyar rediyo a gajimaren Crab, wanda daga baya aka gane tauraro ne mai bugun zuciya. Daga Sabo zuwa ƙofar wannan jami'a, ta Mokola da Sango, 'yan kilomita ne.

Abin da ya fi wannan shi ne tarihin unguwar kanta. Tun kafuwarta a wajen 1916, mutanen Sabo ba su mallaki gonar goro ba. Yarabawa ne ke noma shi. Shanun da ake saukewa ma ba a Ibadan aka yi kiwonsu ba. Amma kamar yadda Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969, fataucin duka biyun a hannun masu gidan Sabo da dillalansu yake, domin su suka san goron da zai jure tafiya, suka san ɗaurin huhu, suka san wanda za a ba bashi. Sanin kaya ne jarinsu. Harkar madubin sama ma haka take. Nijeriya ba za ta gina PRIMA ba, kuma bai kamata ta yi mafarkin haka ba a yanzu. Amma abin da Herschel ya tara, kallo fiye da 35,000 cikin awa sama da 25,000, yana nan a rumbun intanet na hukumar Turai, kowa na iya saukewa kyauta. Madubai irin Hubble da Webb suna karɓar buƙatar lokacin kallo daga ko'ina a duniya, kuma tun 2018 masu kula da Hubble suka fara ɓoye sunayen masu nema, don alƙalai su duba tambayar, ba sunan jami'a ko ƙasa ba. Masu shirin PRIMA ma sun ware mafi yawan lokacinsa ga masu nema daga wajen ayarinsu.

A nan ne manufar ƙasa ke buƙatar gyara. Tun kafa hukumar NASRDA a 1999, hankali ya fi karkata ga mallakar ƙarfe. An harba NigeriaSat-1 a 2003, aka harba NigComSat-1 a 2007 ya mutu a 2008, sai da aka maye gurbinsa a 2011. Cikin duka, wanda ya fi barin gado shi ne NigeriaSat-X na 2011, domin injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu lokacin horonsu a Surrey ta Ingila. Ƙarfe yakan tsufa ya daina magana, mutumin da aka horar kuwa yana horar da wani. Ghana ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar sauraron sama a 2017, kuma tana cikin ƙasashen Afirka takwas da ke ƙawance da Afirka ta Kudu a shirin SKA. Nijeriya ba ta ciki. Cibiyar da ke Nsukka da makarantar bazara ta matasan masana taurari da aka fara a Abuja a 2013 suna iya ƙoƙarinsu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata TETFund da NASRDA su ware guraben digiri na biyu da na uku musamman don nazarin waɗannan rumbunan, a Ibadan da Zariya da Kano da Sakkwato, tare da ɗakin kwamfuta mai wutar sola da intanet mai ƙarfi. Kuɗin bai kai na fiffiken tauraro ɗaya ba.

Mai ja zai ce ana maganar ƙurar sama alhali yaran unguwa da yawa ba su ga aji ba, kuma yana da gaskiya. Kyauta ma ba kyauta ba ce ga wanda ba shi da wuta, ba shi da lissafi, ba shi da malamin da zai riƙe hannunsa. Idan ma ya ci lokacin kallo, NASA ba ta biyan wanda ke wajen Amurka, sai ƙasarsa ta tsaya masa. Kuma PRIMA kansa bai tsira ba, kasafin kuɗi na iya kashe shi kamar yadda ya kashe SPICA. Sai dai abin da ake koya don wannan aiki, wato lissafi da ƙididdiga da rubuta manhaja da tsamo ƙaramar alama daga cikin hayaniya, ba ya zubewa idan madubi bai tashi ba. Da shi ake karanta hoton gonaki daga sama, da shi ake hasashen ambaliya, bankuna ma nemansa suke.

Nauyin bai tsaya kan gwamnati kaɗai ba. Sabo ta iya haɗa kuɗi idan abu ya shafe ta, masallatanta da makarantun Islamiyyarta shaida ne. Ƙungiyoyin 'yan canji da na fataken goro da shanu, ƙarƙashin inuwar Sarkin Hausawa, za su iya ɗaukar nauyin ƙwararren malamin lissafi da na fiziks na darasin yamma, su kuma nemi sashen fiziks na jami'ar ya riƙa turo ɗalibansa unguwar da ƙaramin madubi, yara su ga Kaza mai 'ya'ya da Gamzaki ta cikin gilashi. Yarinya ko yaron da ke shirin shiga babbar sakandare yanzu zai iya kammala digirin farko a wajen lokacin da ake sa ran madubin zai tashi. Kafin nan akwai wata takarda da za a kawo gida a tambayi uba ajin da za a sa ɗansa, na kimiyya ko na kasuwanci, kuma sau da yawa a bakin shago ake amsa ta, tsakanin ciniki da ciniki.